Amsar Anti Rabi a kan kayan 'yan rawar Masar

Maman Ilham ta turo hoto a gurup, ta ce wata amarya ce ta kawo mata samfurin kayan 'yan rawar Masar tana so a yi mata, ta gwada bel ɗin ya ƙi tsayawa, duwatsun kuma sai zuba suke. Ga muryar da Anti Rabi ta mayar mata, na rubuta saboda masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Maman Ilham na ga hotonki tun la'asar, hannuna na cikin ƙullu ne shi ya sa ban tanka ba. To ki gyara zama, muryar nan za ta ɗan yi tsawo.

Abin da amaryar taki ta kawo, can Masar badla suke ce masa. Kashi uku ne: rigar mama, da bel ɗin ƙugu da suke kira hizam, sai siket. Shekara huɗu na yi a Alƙahira lokacin da Baban Walid ke karatu a Azhar, muna zaune a Hayyul Ashir, kuma matar da ke ƙasan benenmu sana'arta ke nan. Wani shago ke ba ta aiki ta kawo gida, ni kuma zaman kashe wando ya ishe ni, sai na riƙa sauka ina taya ta. Kuma kada wata ta riƙe baki a kan amaryar nan, ko a can amare na sa irinsa cikin kayan aure, don miji ne a ɗaka. Ɗinki ne kamar kowane ɗinki.

Na zuƙo hoton naki na duba. Ƙanwata, ba duwatsunki ne suka yi laifi ba. Satin kika yanka kika goga masa gam falle ɗaya, sannan kika ɗora masa kaya. Ina zai iya? Hizam ɗin nan da kike gani yana walƙiya, cikinsa tauri gare shi kamar bangon littafi. Ita maƙwabciyar tawa yadi mai kauri take samu, irin na jins ko kanbas, ta haɗa falle uku ko huɗu da gam mai tauri a tsakani, ta hau keke ta bi shi da layi-layi kusa da kusa har sai ya zama abu guda. Bakin sama kuma ta bi shi da ribon mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, don nan ne nauyi ke ja. Sai an gama wannan ƙashin sannan a lulluɓe shi da yadin ado. In ƙashi bai yi ba, ko duwatsun Swarovski kika zuba, rana ɗaya zai langaɓe.

Sannan kin yanka shi a miƙe kamar bel ɗin ɗan makaranta. Ƙugun mace ba a miƙe yake ba. Ki samu takardar buhun siminti ko jarida, ki naɗa a jikin amaryar daidai inda bel zai zauna, ƙasa da cibiya, a kan ƙashin kwankwaso. Duk inda takardar ta buɗe baki daga sama, musamman ta baya, ki tsunkule ki sa fil. In kin cire kin shimfiɗa za ki ga ta lanƙwashe kamar jinjirin wata. To wannan ne fatin ɗinki. Kuma gida biyu ake yi, gaba daban baya daban, gefe ɗaya a ɗinke, ɗaya gefen a sa ƙugiya manya, irin na wandon maza, a bar rara mai hawa kan juna don ko ta yi ƙiba bayan biki a matsar. Rigar maman ma haka: ana cire hannayen roban nan da bayan gaba ɗaya, a bar kofunan kawai a ƙara musu tauri, a yi sabbin hannaye da ba sa miƙewa.

Walid, rage mini talabijin ɗin nan, ina magana. Yauwa.

Sai duwatsu. Na ga alamar gam kika sa, har ya yi fari a gefe. Gam yana da wajensa, 'yan ƙananan duwatsun da ake mannawa a siket ba laifi. Amma duk dutsen da ya kai ƙwayar gyaɗa, mai huda za ki saya ki ɗinke shi da hannu. Ki tuna kayan nan don girgiza aka yi su, ba don a zauna a kujerar amarya ana ɗaukar hoto ba. Babban dutse ake fara kafawa a tsakiya, sai a kewaye shi da ƙanana, kharaz suke ce musu, a zira uku ko huɗu a soka, a dawo baya ta cikin biyun ƙarshe a ci gaba. Sikwin kuwa, su tirtir suke cewa, kowane ɗaya da ɗan dutse ake danne shi a tsakiya. Dogon dutsen nan mai kamar guntun tsinke, ki yi hattara da shi, bakinsa kaifi gare shi yana cin zare, sai kin sa masa ɗan ƙarami a kowane baki. Zaren ki ninka biyu, mai ƙarfi, ki goga masa kakin zuma kafin ki fara.

Geza ita ce ta ba ni wuya, kuma a kanta na sha kunya. Ranar da maƙwabciyar tawa ta fara yarda ta ba ni gezar bayan bel, na zauna tun bayan azahar har magariba ina zirawa, jela wajen sittin, duk da zare ɗaya, in na gama wannan in wuce waccan. Na miƙa mata ina jin kaina. Ta ɗaga ta kalli haske, ba ta ce komai ba, ta ɗauko almakashi ta datse jela ɗaya tak. Wallahi Maman Ilham, sai jin ƙara na yi warrr a kan tayil, suna bin juna suna zubewa har ƙarƙashin firij. Ta miƙo mini tsintsiya da faranti. Tun daga ranar, kowace jela sai na ƙulle ta ita kaɗai kafin in fara ta gaba. In ɗaya ta tsinke, ita kaɗai ta tafi. Kuma ba a kan bel ɗin ake zira ta kai tsaye ba, a kan igiya ko ribon ake yi, sannan a ɗinke a bakin ƙasa ta ciki. A bar mata ɗan sassauci, in kin ja zaren da yawa sai jelar ta sandare, ba ta lilo. Na kwalba za ki nema, na roba ba su da nauyin da za su yi kaɗawar nan. Masu kyau daga ƙasar Cek da Japan ake kawo su, na Sin sun fi araha amma girmansu ba ya zuwa ɗaya, sai kin zauna kin tsince.

Wata ta tambaya a sama wai ko kayan gargajiyar Larabawa ne. Ba tsohon abu ba ne yadda ake zato. 'Yan rawar da, waɗanda ake kira gawazi, da Muhammad Ali mai mulkin Masar a lokacin ya kora daga Alƙahira a 1834, doguwar riga suke sawa su ɗaure ƙugu da gyale. Wannan samfurin na badla ya yi ƙarfi ne zamanin gidan rawar Badi'a Masabni da ta buɗe a 1926, inda su Tahiya Kariyoka da Samiya Jamal suka fito, finafinai suka yaɗa shi, kuma akwai hannun Turawa a fasalinsa. Daga baya hukuma ta hana fitowa da ciki a buɗe, shi ya sa za ki ga wata raga a kan cikin 'yar rawar, shabaka sunanta. Na Turkiyya sun fi yawan geza da yanke-yanke. Na Masar na yanzu ma da yawa ba su da bel daban, siket ne na yadin roba mai kama jiki a yi aikin a kansa. In amaryarki za ta yarda, wannan ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni dai wanda ya fi burge ni ba ma badlar ba ce, talli ne, yadin garin Asyut na can Masar. Raga ce ta auduga, a ɗauki siririn ƙarfe mai faɗi a soka da wata allura mai faɗi, a lanƙwasa a danne da farce a karye, babu ƙulli ko ɗaya. Yanzu matan wajen Sohaj ne suka fi yinsa. Doguwar riga ake yi da shi, nauyinsa kaɗai ke sa ya kwanta a jiki. Wannan ko a kamu za a sa shi da shimi a ciki babu mai cewa uffan.

Shafi shi ne na ƙarshe. Auduga za ki sa, ki ɗinke da hannu sama-sama, don shi ke shan gumi, in ya yi datti a farke a canja. Ki gaya wa amaryar ba a jiƙa kayan nan a bokiti, ba a fesa musu turare kai tsaye, yana kashe hasken dutse. A shanya a inuwa su sha iska, a kwantar da su cikin tsumman auduga, kada a rataye, nauyin zai ja siket ɗin ya zube.

Batun kuɗi kuma, kada ki yi mata kuɗin ɗinkin leshi. A can mu uku muke taruwa a kan guda ɗaya mu yi sati biyu, kuma ita maƙwabciyar tawa ta ƙware. Ki ƙirga kwanakinki tukuna. Wancan bel ɗin kada ki yar, ki ɓanɓare duwatsun masu huda ki ajiye, satin ɗin ne kawai ya tafi. Akwai wani tsohon hizam da ta ba ni da za mu taho, yana cikin akwati, gobe in Allah ya kai mu zan farke shafin in ɗauko miki hoton bayansa ki ga yadda ƙullin yake. Sai da safenku.