Shawarar Lauya: Fashewar Tukunyar Gas da Hakkin Iyalan Mamaci

Wata 'yar'uwa daga Jos ta rubuto mana cewa mijinta, tela ne, ya rasu a fashewar tukunyar gas da ta tashi daga shagon mai cika gas, a benen da suke haya tare. Ya bar ta da yara huɗu. Ranar sadakar bakwai mai benen ya zo da dattawan unguwa, ya ajiye kuɗi a ambulan, tare da takardar da yake so ta sa wa hannu.

Malama, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin rashi. Ina roƙonki kada ki sa hannu a wannan takarda kafin lauya ya karanta ta, domin irinta takan ƙunshi cewa kin karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya, kin kuma yafe duk wata ƙara. Yarda da ƙaddara wajibi ne a kanmu, amma ba ta ɗauke alhaki daga wanda ya yi sakaci, kuma hakkin marayun nan ba naki ba ne ke kaɗai balle ki yafe shi.

Dokar mutuwa ta hanyar haɗari da jihohin Arewa suka gada ta ba iyalan mamaci damar neman diyya a Babbar Kotun Jiha, cikin shekara uku daga ranar rasuwa. Na farko da za a kai ƙara shi ne mai gas, musamman idan ba shi da lasisin hukumar NMDPRA, wadda Dokar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da wannan sana'a. Mai benen ma yana iya shiga ciki idan ya ba da haya yana sane da haɗarin, kuma tun 2003 doka ta wajabta inshora a kan ginin da 'yan haya ke ciki, don haka lauyanki ya nemi ganin takardar inshorar.

Wurin da ya fi damuna shi ne wa'adi. Idan bincike ya nuna akwai sakacin jami'an gwamnati, dokar da ke kare su ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Takaba kuwa wata huɗu ne da kwana goma, wato wa'adin zai ƙare kina ɗaki. Saboda haka ki wakilta wanki ko ƙanin marigayin ya ga lauya cikin makon nan.

Da yake mukan yi jana'iza ba tare da jinkiri ba, sau da yawa ba a karɓar takardar likita mai nuna sanadin mutuwa. A koma asibitin a karɓo ta, tare da rahoton 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, da hotunan wurin, da sunayen maƙwabtan da suka sha jin warin gas suna ƙorafi. Ki adana littafin da mijinki yake rubuta ɗinki da awon mutane, da rasit ɗin makarantar yara, domin da su kotu za ta auna abin da yake shigo da shi gida.

Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Jos, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sulhu ba laifi ba ne, amma a yi shi a rubuce, lauyanki yana zaune, a kuma ware kason kowane yaro da sunansa.