Amsar Kawu kan ajin baftisma da tsayawa ba da shaida

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuwa karanta shi har sau biyu. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, idanun nan yanzu ba sa shiri da ƙananan rubutu. Tambayoyinka biyu ne. Ka ce me ya sa ikilisiya take zaunar da mutum a ajin baftisma wata da watanni, alhali kai a coci ka buɗe ido, labaran Littafi Mai Tsarki kuma tun a makarantar Lahadi ka haddace su. Sannan ka ce ranar da aka tsayar da kai gaban jama'a ka ba da shaida me za ka faɗa, tunda ba ka taɓa shan giya ba balle ka ce ka bari. Har da cewa ni ne mai labari, wai don ina da shekara 24 na ba da gaskiya. A nan kam na yi dariya.

To bari ka ji labarin, ka ga ƙanƙantarsa. Gidanmu ba gidan addu'a ba ne. Kakanka mutumin kirki ne, amma sai Kirsimeti ake ganinsa a coci, mu ma haka muka taso. Da na fara aiki, akwai wani abokin aikina da yake karanta Bishara a lokacin hutun rana, ni kuma aikina in tsokane shi. Wata rana ya miƙo mini ya ce in karanta masa Luka sura 15, wai kansa yana ciwo. Har yau ina zargin dabara ce. Kowa ya san labarin ɗan da ya karɓi gādonsa ya lalatar, amma ni wansa ne ya tsaya mini a rai, wanda bai je ko'ina ba, bai ɓata ko sisi ba, ya kuma ƙi shiga gida don haushin an yafe wa ƙanensa. Ni ne wannan. Ina ganin kaina mutumin kirki, ina kuma riƙe da mutane a zuci kamar mai bin bashi. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai kwana ban yi barci ba, da asuba na durƙusa na yi wata addu'a mara kan gado, domin ban iya ba. Shi ke nan labarin.

Game da ajin, zan faɗa maka gaskiya ko da fastonku zai ɗan ɓata fuska: babu ayar da ta ce sai an yi wata kaza kafin a shiga ruwa. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus ya yi wa babban ma'aikacin nan na sarauniyar Habasha baftisma a gefen hanya a ranar da ya ji wa'azi. A sura 16, mai gadin kurkukun Filibi cikin daren nan aka yi masa, shi da mutanen gidansa. Jiran ya zo ne daga baya, lokacin da mutane suka riƙa shigowa daga bautar gumaka ba su san komai ba, tsanani kuma ya sa wasu suna musun bangaskiyarsu da zarar an matsa musu. Sai ikilisiya ta ga ya kamata a san wanda ake karɓa. A wasu wurare har shekara 3 mai neman baftisma yake yi yana koyo, kuma abin da aka fi dubawa shi ne zamansa da mutane. Galibi a daren Ista ake yi musu. Agustin, babban malamin nan ɗan arewacin Afirka, daga ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya tuba a shekarar 386 yana da shekara 31, bayan uwarsa Monika ta daɗe tana kuka a kansa cikin addu'a. Duk iliminsa, sai da ya jira Istan 387 kafin Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan. Idan shi ya zauna an koya masa, kai ma ba za ka ragu ba.

Ni wata 9 na yi a ajin, rabinsa kuma gunaguni nake yi kamar yadda kake yi yanzu. Ayoyin da muka haddace da yawa sun bi iska. Abin da ya zauna shi ne tambayar da dattijon da yake koyar da mu ya yi mini, ko akwai wanda ba na gaisawa da shi. Akwai, har mutum 3. Ya ce in je in dawo. Wannan tafiyar ta fi mini shiga ruwan wuya nesa ba kusa ba.

Kada kuma ka raina abokanka na Katolika ko Anglikan ko Lutaran don an yi musu baftisma suna jarirai. Su ma idan sun girma sukan shiga aji, su tsaya su amsa da bakinsu alkawarin da iyayensu suka ɗauka a madadinsu, a ɗora musu hannu. Wannan gardama ta ci rayuka. A 1525 wasu a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka fara yi wa junansu baftisma suna manya, a 1527 kuwa hukumar garin ta nutsar da ɗaya daga cikinsu, Filiks Manz, a kogi. Kiristoci ne suka yi wa Kirista haka. Tun da na san wannan na daina ɗaga murya a kan maganar.

Yanzu ga shaidar. Na zauna na saurari shaidu ba iyaka, na kuma lura da wata cuta da take kama matasa: kowa yana so nasa labarin ya fi na wanda ya riga shi muni. Wanda ya taɓa ɗaukar canjin uwarsa sai ya zama tsohon ɗan fashi. Ina roƙonka, kada ka ƙara ko gishiri kaɗan, ramin ƙarya ƙurarre ne, uwarka kuma tana zaune a wurin. Mutane sun ɗauka duk tuba sai ta yi kama da ta Bulus a hanyar Dimashƙu. Sun manta da Timoti, wanda Bulus ɗin da kansa ya ce bangaskiyar ta fara zama a cikin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, tun yana ɗan yaro kuma ya san Littattafai. Ba a rubuta mana ranar tubarsa ba, amma shi aka bar wa ikilisiyar Afisa. Jon Wesli, wanda ikilisiyar Metodis ta samo asali daga wa'azinsa, shi ma ɗan fasto ne, shi kansa an naɗa shi, har Amurka ya je aikin bishara ya dawo, amma sai ranar 24 ga Mayu, 1738, yana da shekara 34, a wani ƙaramin taro a Landan, ya ji a ransa cewa Almasihu domin shi ma ya mutu. Abin da ake nema daga bakinka ke nan: yaushe abin da ka gāda ya zama naka. In babu takamaiman rana, ka ce babu, ka faɗi yadda ya zo maka a hankali.

Ka kuma cire rai daga tunanin cewa za ka fito daga ruwa wani mutum dabam. Jon Niyuton, wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya zama fasto daga baya, ya yi kuka ga Allah a cikin hadari a teku a 1748, yana da shekara 22, kuma har ya mutu yana ƙirga tubarsa daga wannan rana. Amma bayan nan ne ma ya zama shugaban jirgin da yake jigilar bayi daga Afirka, bai bar teku ba sai 1754, shi ɗin ma rashin lafiya ce ta sauke shi. Sai a 1788, shekara 40 bayan hadarin, ya fito fili ya yi rubutu yana la'antar cinikin da nadama. Wannan labarin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tsoro, domin yana nuna mutum zai iya yin addu'a safe da yamma alhali akwai ɓarnar da idonsa bai buɗe a kanta ba tukuna.

Ana cewa hali zanen dutse ne. Nawa zanen riƙo ne da zafin rai, ya kuwa bi ni har cikin aure. Marigayiya matar kawunka ta sha shi fiye da kowa, Allah ya saka mata. Na kai shekara 40 kafin bakina ya saba da cewa ni ne da laifi. Amma dutse ma in ruwa ya yi ta ɗiga a kansa yakan ci shi. Akwai ranar da aka kawo mini takarda a wurin aiki in sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne, na ƙi, ƙarin girma ya wuce ni shekaru. Ba jarumtaka ba ce, gwiwata rawa take yi. Na dai tuna na taɓa tsayawa gaban mutane na ce ni na Yesu ne, wasunsu kuma suna nan da rai. Ranar da muka binne ɗanmu na fari, wata 2 na yi ban iya addu'a ba, sai dai in buɗe Zabura 88 in zauna ina kallonta, don ita ce ba ta ƙare da daɗin baki ba. Mutanen da suka ji shaidata a can baya su ne suka riƙa zuwa suna yin addu'ar a madadina.

Saboda haka ka koma ajin, ka kuma riƙa yin tambaya ko da malamin zai gaji da kai. Shaidar kada ta wuce minti 5, ka rubuta ta ka turo mini in gani, da manyan baƙaƙe don Allah. In an sa ranar ka sanar da ni da wuri, ƙafar nan sai an lallaɓa ta kafin ta yarda da tafiya. Ka gai da uwarka, ka ce mata ina nan ina jiran kiran da ta yi alkawari.

Kawunka.