Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi: da lantarki zai tashi ko da dizal?

Malam, ka tambaya ko jirgin da zai ratsa Daura da Katsina har Jibiya zai yi aiki da lantarki kamar na ƙasashen waje. A ganina da dizal zai fara, kamar na Abuja zuwa Kaduna, domin jirgin lantarki yana son wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa ka san halin da muke ciki.

Amma kada wannan ya sa ka raina shi. Jirgi ɗaya yana jan kayan tireloli da dama, man da yake ƙonawa kan kowane buhu kuma bai kai nasu ba, ga sauƙin da titunanmu za su samu.

Lantarkin ma ba gagara ba ne. Habasha ta yi layin Addis Ababa zuwa Jibuti da shi, Jamus kuma ta fara ɗaukar fasinja a jirgi mai samar da lantarkinsa daga iskar haidirojin a 2018. Irin waɗannan jirage, in direba ya taka birki, ƙarfin gudun yana komawa wuta a sake amfani da ita.

Ni abin da ya fi damuna yashi ne. Iska na iya binne layin a arewacin Katsina, don haka ina fatan Jami'ar Sufuri ta Daura za ta sa ɗalibanta binciken itatuwan da ya kamata a dasa a gefensa tun yanzu.