Tsufa ne ya tsayar da makina a wasan ces (chess)?

Tambaya: Shekarata 47. Makina na FIDE, hukumar ces ta duniya, ya tsaya cak a wajen 1650, alhali abokin wasana da ya girme ni kullum gaba yake yi. Wani ya ce ƙwaƙwalwata ce ta fara sanyi, har ya kawo min maganin ƙara basira in saya. Ko dai in haƙura da gasa?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne saurin lissafi yana raguwa da shekaru, kuma yawancin manyan gwanaye kan kai ƙololuwarsu kafin su cika 40. Amma wannan zancen waɗanda suka ƙure iyawarsu ne. Mai 1650 bai ƙure komai ba, akwai tulin abin da bai koya ba, musamman a ƙarshen wasa. Dattijon da makinsa ke hawa galibi wannan giɓin yake cikewa. Viktor Korchnoi yana da shekarunka ya kara da Karpov, zakaran duniya na lokacin, a gasar duniya ta 1978, kuma yana da 75 bai fita daga ɗari na farko a duniya ba. Ka kuma tambayi abokin naka yaushe nasa ya hau, don a Maris 2024 FIDE ta ƙara wa duk wanda ke ƙasa da 2000, mai 1500 ya wayi gari da 1700 bai taɓa allo ba.

Sai batun kwalbar nan, wanda na gaji da jinsa a wurin gasa. Maki ba ma'aunin basira ba ne. Sakamakonka kawai yake aunawa gwargwadon ƙarfin waɗanda ka fuskanta. To wane jiƙo ne zai koya maka yadda ake tsare wasa idan ya rage daga sarki sai hasumiya? Mai sayarwar nan shi maki nawa gare shi? Kwalba ba lambar rajista, ba a rubuta abin da ke ciki ba, kai kuma kana shekarun da hawan jini ke fara leƙowa, ka ɗirka ka zauna awa huɗu zuciya na bugawa. Idan da gaske kana mantuwa, asibiti za ka je.

Masu cewa duk dattijon da ya yi sama yana da wani sirri, su tuna Igors Rausis. Makinsa ya yi ta hawa har ya doshi 2700 yana da 58, ana ta mamaki. Ashe ƙananan gasa yake bi yana tsintar kusan maki ɗaya a kan kowane rarrauna, sannan a 2019 aka kama shi da waya a banɗaki a Strasbourg ta Faransa. FIDE ta ƙwace muƙaminsa na babban gwani (grandmaster), ta dakatar da shi shekara shida.

Ka ɗauko wasanninka ashirin na baya da ka faɗi, ka nemo inda kowanne ya karye kafin ka kunna kwamfuta. Ka rage wasan minti uku a waya, ka yi barci sosai daren gasa.