Me "coca" ke nufi a Sifaniyanci?

Tambaya: Malam, na ga "mate de coca" a jerin abin shan wani otal a Peru. Hodar iblis suke sayarwa a fili?

Amsa: A'a, shayin ganyen coca ne, wato tsiron da ake samo hodar daga gare shi. Sunan ya samo asali daga "kuka" na harshen Kecuwa, yaren 'yan asalin yankin. A Peru da Bolibiya halal ne a doka: ana jiƙa ganyen a ruwan zafi, ko a tauna shi da ɗan toka, don rage jirin hawan tsaunuka. Amma kada ka sako shi a jaka in za ka bar ƙasar, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi ta hana, kuma kofi ɗaya kan bayyana a gwajin fitsari.

A bakin 'yan titi "coca" hodar ce. A Meziko, lemon Coca-Cola ake nufi. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya kuwa, wani faifayin burodi ne.