Zomo ba lafiya: a kai shi Garwa?

Malam, ka ce ko ya dace ka ɗauki zomonka daga garin Gidar zuwa Garwa a arewacin Kamaru, kusan kilomita 100, don ganin likitan dabbobi. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, nemi likita mafi kusa yau ɗin nan, hanjin zomo in ya tsaya ba ya jira. In kuwa ƙazuwa ce kawai ke damunsa, tana iya jiran Garwa.

Abin tsoro a hanya zafi ne, in ya wuce digiri 30 zomo zai galabaita. Fita da shi da asuba, cikin kwali mai huji, da ciyawa da gorar ruwan sanyi naɗe da tsumma. Kada a ɗura masa maganin amoksisilin, yana kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya biyo baya.