Hakki daban, alhaki daban: amsoshin wasiƙun masu karatu

Wani ɗan ƙungiyar manoman shinkafa daga Argungu ya rubuto: "Allah shi gafarta Malam, shugabanmu ya sa hannu anka fitar da kuɗin taki, taki bai zo ba, kuɗin kuma sun salwanta. Da munka yi taro sai ya ce shi ba ya da hakkin kowa, tunda bai ci ko kwabo ba. Wani dattijo ya ce mishi hakki daban, alhaki daban. Da gaske kalmomin ga sun bambanta?"

Dattijon nan ya san Hausa. Tushen kalmomin ɗaya ne, Larabci, sai dai alhaki ta shigo da "al" ɗinta manne, kamar alƙali da alƙalami da aljihu. Da suka zauna a bakin Bahaushe sai ya raba musu aiki. Hakki shi ne abin mutum da ya wajaba a ba shi: ladan ɗan ƙodago, rabon magaji, kuɗin da manomi ya zuba a asusun ƙungiya. Ana biyan hakki, ana tauye shi, ana danne shi, ana ƙwato shi. Alhaki kuwa shi ne abin da ke hawa kan wanda ya zama sanadin salwantar hakkin wani. Ana ɗaukarsa, yana kama mutum, yana rataya a wuya. Shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Saboda haka mai yiwuwa shugabanku gaskiya ya faɗa, babu kuɗin kowa a aljihunsa. Amma ba sai mutum ya ci ba alhaki ke kama shi, sakaci ma ya isa. Galibin ƙungiyoyi irin taku kan buɗe asusu da sunan mutum uku, shugaba da sakatare da ma'aji, kuma kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa hannu. Amfanin hannu na biyu shi ne ya tsaya ya duba. Kafin ya sa hannu, akwai takardu uku da ya kamata ya gani da idonsa: rubutacciyar shawarar taron da aka amince da sayen, takardar farashi daga mai sayarwa, da jerin sunayen manoma tare da adadin buhunan kowa. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Shugaba zai yi tafiya sai ya sa hannu a kan cak ɗin da ba a cike ba, wai don kada aiki ya tsaya. Ko a tura kuɗin duka zuwa asusun dillali kafin a ga buhu ko ɗaya, maimakon a ba da kafin alƙalami, a ƙidaya buhunan kilo 50 a sito gaban shaidu biyu, sannan a cika sauran. Ko a biya ba rasit don mai sayarwan suruki ne, ana jin nauyin tambayarsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru ta hannun shugabanku, to alhaki ya same shi, ko da wani ne ya cinye kuɗin.

Wani abu kuma, Hausar rediyo ta ɗan rage wa kalmar kaifi. Yanzu za ka ji an ce "gyaran hanya alhakin ma'aikatar ayyuka ne", ana nufin aikinta ne kawai. Ni dai na fi son a ce nauyi a irin wannan wuri. Nauyi ana ɗora shi tun ranar naɗi, ana kuma sauke shi. Sai an ƙi saukewa har wani ya cutu sannan ya zama alhaki.

Wata malamar makaranta daga Gusau ta ce shugabar ƙungiyarsu ta adashi, duk sa'adda aka tambaye ta lissafi, sai ta ce "babba juji ne, na haƙura da zarginku". Malama tana son sanin ko an ajiye karin maganar a muhallinsa.

Ba a ajiye ba, Malama. Cikon maganar shi ne kowa ya zo da shara sai ya zuba. Ana faɗar ta ga babba don ya haɗiye gunaguni da ƙananan laifuffukan na ƙasa da shi, kada ya rama. Tambayar lissafi ba shara ba ce, hakkin masu zubi ne. Karin maganar da ta dace da wurin ita ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kawo littafin zubi gaban kowa a ranar kwasa, a karanta wadda ta zuba da wadda ake bi, mai kwasa ta sa hannu ko ta dangwala. Magana ta ƙare.

Daga Jega, wani sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa yana tambaya: "Malam, mai neman rumfa ya kawo mini turmin atamfa da kwandon albasa ya ce gaisuwa ce. Ina iyakar gaisuwa take, ina toshiyar baki ta fara?"

Tambayar ta tsufa, Alhaji. Gaisuwa a asali zumunci ce, na ƙasa ya je wurin na sama bai tafi hannu rabbana ba. Amma tun da daɗewa kalmar ta zama mayafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasashen Zamfara da Kabi kafin hijirar 1804, ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, cikin al'adun masu mulkin zamaninsa da ya soka, tare da jangali da kuɗin gari. Kalmar toshiya ita ba ta ɓoye komai: abu ne da ake ba mutum don a toshe bakin da ya kamata ya yi magana. Rashawa daga Larabci take, kuma a bakin mutane yau tana tafiya tare da cin hanci. Sauran sunayen, irin su goro da ihisani da "na cefane", duk sassautawa ce don mai karɓa ya sami barci.

Ma'aunin kuma yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya tambaya don me bai zauna a gidan ubansa ko na uwarsa ba, ya gani ko za a kawo masa kyautar. To ka auna mai atamfar nan da shi. Kafin ka zama sakatare ya taɓa kawo maka ko albasa ɗaya? Yana da buƙata a gabanka yanzu? Ka riga ka ce yana da ita. Za ka iya faɗar kyautar a taron ƙungiya gaban sauran masu neman rumfar? In ba za ka iya ba, ka san sunanta. Mayarwa ba sai da wulaƙanci ba: ka aika da kayan ta hannun dattijon da yake jin kunyarsa, a gaya masa sai an gama rabo. Ka kuma sanar da shugaba, a rubuta a littafin taro, domin in ya sami rumfar bisa cancanta kada a ce da atamfa ya saya. In ka karɓa kuwa, ka ci ladan kuturu, sai ka yi masa aski, askin kuma rumfar wani ce da ya riga shi a layi.

Wani ɗalibi daga Birnin Kebbi yana rubuta wa ƙungiyarsu tsarin mulki, ya rasa wadda zai zaɓa tsakanin shugaba da jagora. Jagora harɗaɗɗiyar kalma ce, ja da gora, wato mai riƙe sandar makaho yana gaba yana nuna masa hanya. Daga nan aka sami jagoranci da jagoranta. Tana nuna aikin da mutum yake yi, ko yana da kujera ko ba ya da ita, shi ya sa ake samun jagoran tafiya da jagoran addu'a. A tsarin mulki ka rubuta shugaba, domin ita ce sunan muƙamin da ake zaɓa, ake yi wa wa'adi, ake iya tsigewa. Ƙarƙashinta ka jera abubuwan da ba zai yi shi kaɗai ba, musamman fitar da kuɗi da sayar da kayan ƙungiya, ka kuma faɗi adadin mutanen da in sun sa hannu dole ya kira taron gaggawa.